HARAJIN HAYAƘI DA ƘAFAR GURGU

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu girma, akwai wata ɗabi'a da ta zame wa mahukuntan ƙasar nan jiki, wadda in ba mu yi magana a kanta tun yanzu ba, to gobe mu ne za mu gaje ta, tun da yake daga cikinmu ake fitar da sakatarori da daraktoci da kansiloli. Ɗabi'ar kuwa ita ce kwaikwayon rabi da rabi. Sai a tafi ƙasar Turawa a ga doka mai hannu biyu, ɗaya na karɓa ɗaya na sassauci, a naɗo na karɓar a cikin jaka, a mance da na sassaucin a filin jirgi. In an dawo gida a tara 'yan jarida a ce an zo da ci gaba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar harajin hayaƙin mota, da abin da zai jawo wa guragu da makafi da sauran naƙasassu in ya iso mana. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Babur ɗin da gurgu yake hawa ƙafarsa ce, kuma duk hukumar da ta yanka wa wannan babur kuɗin shiga gari, ko ta hana shi bin hanya, to ƙafar mutum ta yanka wa haraji. Wajibi ne a rubuta sassaucin a cikin dokar tun ranar da aka haife ta, a matsayin hakki, ba a bari sai an kama mutum ya yi ta magiya a bakin shinge ba.

Yadda aka yi a Landan

Bari mu fara da inda abin ya yi suna. A ranar 8 ga Afrilu, 1919 ba kowa ya san hayaƙin mota cuta ne ba, amma shekara ɗari cif bayan nan, watau ranar 8 ga Afrilu, 2019, Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya shata tsakiyar birnin ya ce duk motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida, in ta shiga, mai ita zai biya fam 12 da rabi a kowace rana. A Oktoban 2021 aka faɗaɗa da'irar, a ranar 29 ga Agusta, 2023 kuma ta game birnin baki ɗaya. Motocin da abin ya fi shafa su ne masu shan fetur da aka ƙera kafin 2006, da masu shan dizal da aka ƙera kafin ƙarshen 2015. Kuɗin nan, a canjin 2025, ya haura naira 20,000 a rana guda. Babu shinge, babu ɗan sanda mai kulki. Na'urar ɗaukar hoto ce take karanta lambar mota, takardar tara ta iske mutum har gida.

To, wa ke hawan tsohuwar mota? Marar ƙarfi. A cikin marasa ƙarfin kuma wa ya fi kasa rabuwa da tasa? Naƙasasshe, domin shi motarsa an yi mata gyara na musamman, an mayar da birki da totur hannu, ko an yi mata matakalar shigar da keke, kuma irin wannan gyara tsada gare shi. Mai lafiya in an tsananta masa sai ya ajiye mota ya bi jirgin ƙasa ko ya taka da ƙafa. Shi kuwa wannan in ya ajiye mota ya ajiye fita ke nan.

Turawan nan suna da wata shuɗiyar takarda da suke ba naƙasassu don ajiye mota a wuri na musamman. Abin mamaki, a Landan wannan takarda kaɗai ba ta isa ta kuɓutar da mutum daga harajin hayaƙi ba. Da farko motar da aka yi wa rajista a rukunin motocin naƙasassu kawai aka ɗaga wa ƙafa. Sai da ƙungiyoyinsu suka yi ta ƙorafi sannan aka faɗaɗa sassaucin a farkon 2023, ya haɗa da masu karɓar wasu nau'o'in tallafin naƙasa da motocin da aka gyara don shigar keke, aka kuma sa masa wa'adi zuwa Oktoban 2027. Haka nan aka ware kuɗi don wanda ya yarda ya rabu da tsohuwar motarsa, fam 2,000 ga motar gida, har zuwa fam 10,000 ga motar da aka gyara don keken guragu, kafin a rufe shirin a Satumban 2024.

A Sikotilan kuwa, da birnin Gilasgo ya fara tilasta tasa dokar ranar 1 ga Yuni, 2023, sai aka bi wata hanya dabam. Duk mai shuɗiyar takardar nan yana iya yin rajista a ɗauke masa, ko shi ke tuƙi ko ɗauko shi aka yi. Ku lura da wannan bambanci da kyau, domin a nan gizo yake saƙar. Landan ta duba mota, Gilasgo ta duba mutum. Makaho ba ya tuƙi, wanda shanyewar jiki ta kama ba ya tuƙi, saboda haka sassaucin da aka ɗaure a jikin mota ba lalle ne ya kai gare su ba.

Hayaƙin gaskiya ne

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa maganar gurɓatar iska tatsuniyar Bature ce. Sam. A 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 mai suna Ella Adoo-Kissi-Debrah ta rasu a Landan da ciwon asma, kuma a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iskar unguwarsu tana cikin abin da ya kashe ta. Mu ma ba sai an kawo mana likita daga waje ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tsohuwar tirela tana hawan tudu ya san abin da ƙirjinsa ya gaya masa. Kuma wanda ya fi kowa shaƙar wannan hayaƙi shi ne gurgun da ke tafe a kan keken hannu, domin hancinsa daidai yake da bakin salansa.

Amma daga ina hayaƙin namu ya fito? A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma Afirka ce babbar kasuwarsu. Su ne muke kira 'yan Kwatano, muna shafa su muna murna. A 2016 kuma wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai suke haɗa man da dokar Turai ta haramta su kawo shi Afirka ta Yamma su sayar. Watau an share gida an zubo mana sharar, manyan dillalai sun ci riba, kwastan ta karɓi nata. Sa'an nan a ƙarshe a zo a tare gurgu a ce babur ɗinsa yana hayaƙi, ya biya! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai duk wannan labarin nesa ne, ba a shata ko gari ɗaya a Jihar Kebbi an ce a biya kuɗin hayaƙi ba. Haka ne. Amma hadari ya haɗu. Tun 2011 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin injin fetur da na dizal, kuma a farkon 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin auna hayaƙin ababen hawa da janareta ana ba da takardar shaida. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 akwai tanadin ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan man fetur da dizal, wanda aka ɗora fara aikinsa a kan umarnin ministan kuɗi. Mun kuma san halin jihohinmu: in ɗaya ta gano sabuwar ƙofar kuɗin shiga, kafin shekara ta kewayo sauran sun bi sahu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dawo Zuru

Ƙasar Zuru ƙasa ce ta duwatsu da hawa da gangara. Keken hannu irin wanda ƙungiyar masu shan inna ta Kano take ƙerawa yana amfani ƙwarai a shimfiɗaɗɗen wuri, amma mutumin da zai fito daga Dabai ko Senchi ko Rikoto ya zo kasuwa ko asibiti, damtsensa kaɗai ba zai kai shi ya dawo da shi ba. Dole sai inji. Yaya yake samun injin? Yana tara kuɗi shekara da shekaru, daga ɗinkin takalma ko gyaran rediyo ko sayar da kati a bakin hanya, ya sayi tsohon babur wanda wani ɗan kabu-kabu ya gama cin moriyarsa. Ya kai wa mai walda a ƙara masa ƙafafu a baya, a ɗaga masa giya zuwa hannu, a yi masa wurin ɗora sanduna. Ƙarfen da aka ƙara ya sa babur ya yi nauyi, nauyi ya sa ya ƙara shan mai, tsufa kuma ya sa yana ƙona baƙin mai. Ranar da aka kawo na'urar awon hayaƙi Zuru, wane babur kuke zaton zai fara faɗuwa jarrabawa?

Tun kafin na'urar ta zo ma, ku dubi abin da ke wuyansa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga farkon 2023 kuɗin inshorar dole ya tashi, babur naira 3,000, keke mai ƙafa uku 5,000, motar gida 15,000. To shi wannan abin hawa da mai walda ya haɗa, babur ne ko keke ne? Takarda ta ce babur, ido ya ce keke, hukunci kuwa yana hannun wanda ya tare hanya a ranar. Ga tikitin tasha, ga na kasuwa, ga na ƙungiya. Na sha ganin an tsayar da irin wannan bawan Allah ana neman tikitin 'yan haya a hannunsa, alhali shi kaɗai ne a kan babur ɗinsa, ba wanda ya ɗauko sai sandunansa. Wata rana a ji tausayinsa a ce ya wuce, wata rana a zare makulli. Mutumin da aka zare wa makulli, in mai ƙafa ne, sai ya taka ya tafi neman belin babur. Shi fa? Sai ya zauna a ƙasa cikin rana, jama'a suna wucewa suna kallo.

Ga kuma dokokin tsaro. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur a cikin birni. A Yulin 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan jiharmu, ya sanar cewa ana tunanin hana hawan babur a ƙasa baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Ba wanda ya isa ya koya wa mutumin Zuru abin da 'yan bindiga suke yi da babura. A Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, kuma ƙauyukan Danko/Wasagu da Fakai sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Amma ku tuna, duk harin da aka ƙirga matattu, akwai waɗanda ba a ƙirga ba: wanda aka yanke wa ƙafa, wanda harsashi ya taɓa wa ƙashin baya, wanda ya rasa ido. Waɗannan su ne sababbin naƙasassunmu, kuma dokar hana goyo, in ba a yi mata ƙofa ba, su take fara kullewa a ɗaki. An cuce su a daji, an zo gari an ƙara.

Kuma ace a Zuru za a yi wannan? Ƙasar da aka san ta da ba da 'ya'yanta ga aikin soja tun zamanin Turawa, ƙasar da ta haifi janarori irin su Sani Sami da Tanko Ayuba da Muhammadu Magoro da Ishaya Bamaiyi? A bayan kowane janar akwai ɗaruruwan kurata da suka tafi da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya, tun daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 har zuwa dajin Barno. Haba jama'a! Mutumin da ya bar ƙafarsa a fagen fama don ƙasa, shi ne za a tare a ce ya biya kuɗin ƙafar ƙarfen da ya saya wa kansa?

Dokar da ke barci

Ba rashin doka ne ya dame mu ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hakkin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya saɓa, da naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ce a keɓe musu wurin ajiye mota, a gabatar da su a layi, a ba su kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine da ababen hawa na jama'a, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa a Abuja. To ina roƙon mai karatu ya zagaya ofisoshi da tashoshi da bankunan garinsu, kai har da ɗakunan karatunmu na jami'a, ya ƙirga matakala nawa keken gurgu zai iya hawa.

Abin da muka iya shi ne sauya suna. Mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin wannan. Da ana cewa gurgu da makaho da kurma, aka ce akwai ƙasƙanci, aka koma naƙasassu. Aka ce shi ma bai yi ba, aka koma masu buƙata ta musamman. Madalla da ladabi. Amma an gyara sunan an bar buƙatar a inda take. Suna mai daɗi bai taɓa buɗe wa kowa shinge ba.

Abin kunyar shi ne kakanninmu sun fi mu sanin ya kamata. A zamanin En'e, da duk zaluncin da ake faɗa a kan haraji, baligi mai lafiya ake yanka wa. Makaho da gurgu da kuturu da tsohon da ya gaza ana ɗauke musu. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta guɗa. Yau ga shi harajin ya dawo a yayyanke, tikiti-tikiti, kuma ya dawo ba tare da tausayin da na da yake da shi ba.

Hujjojin masu ƙi

Na san abin da za a ce. Na farko, wai in aka buɗe wannan ƙofa kowa sai ya zama gurgu. To, ana satar jarrabawa, an rufe makarantu? Maganin mai ha'inci shi ne a kama shi. Kuma mu muna da abin da Landan ba ta da shi. A garuruwanmu akwai Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, akwai mai unguwa da dagaci, akwai ƙungiyoyin naƙasassu, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. In likitan gwamnati ya duba, shugabanninsu suka shaida, wane ne zai yi shekara yana ɗingishin ƙarya a garin da aka san uwarsa da ubansa?

Na biyu, wai hukuma za ta yi asarar kuɗin shiga. Babura nawa ne na guragu a masarautar Zuru duka, in an gwada su da na 'yan haya da tireloli da motocin itace da gawayi? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mai yawan hayaƙi shi ya kamata ya ɗauki yawan kuɗi. Ban da haka, gurgun da ya iya fita sana'a yana biyan kuɗin rumfa, yana ciyar da iyali. Wanda aka zaunar kuwa bara zai koma, sa'an nan a fito da motar kama mabarata a bi shi da ita. Wanne ya fi tsada?

Na uku, wai doka ba ta san bambanci ba, kowa daidai ne a gabanta. Wannan magana ce mai daɗin ji a aji. In ka ce wa mai ƙafa da marar ƙafa duk su ajiye babur su taka, kalma ɗaya ka faɗa musu, amma hukunci biyu ka yanke: ɗaya ka sa shi motsa jiki, ɗaya ka ɗaure shi.

Abin da muke nema

Tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota da kasuwanni, da lasin kekuna da amalanke. Saboda haka majalisun Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu ba su buƙatar izinin Abuja kafin su fara. Su yi rajistar naƙasassun yankinsu, su ba kowa kati mai hoto kyauta, a nan gida, ba sai an tura gurgu tafiyar sa'o'i zuwa Birnin Kebbi ba. Katin ya bi mutum, kamar yadda aka yi a Gilasgo, domin makahon da ɗansa ya goyo shi ya amfana. Mai wannan kati kada a nemi tikitin tasha ko na hanya a hannunsa matuƙar ba haya yake yi ba, kuma kada a raba shi da abin hawansa a kan titi. In ya yi laifi a rubuta masa sammaci.

Majalisar Dokokin Jihar Kebbi kuma ta ɗaure kanta da ƙa'ida guda: duk dokar da ta shafi abin hawa, ta hayaƙi ce ko ta tsaro ko ta kuɗin shiga, ba za ta wuce ba sai da sashen da ya faɗi matsayin naƙasassu ƙarara, bayan an kira su an ji ta bakinsu, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba babur ɗin da aka gyara rukuninsa na kansa a takarda. In kuwa an zo awon hayaƙi ya faɗi, a ɗebi wani abu daga kuɗin da aka tara a gyara masa inji, domin iska ake so ta gyaru, kuma tara ba ta wanke kabureta. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya nan a Zuru tun 2020. Masu ilmin inji su haɗa kai da masu waldar gari su fitar da babur ɗin guragu mai sauƙin nauyi da ƙarancin shan mai.

Mu kuma ɗaliban Hausa namu aikin a fili yake. Dokar 2019 da Turanci aka rubuta ta, kuma yawancin waɗanda aka yi ta dominsu ba su taɓa jin abin da ke cikinta ba. Mu fassara ta cikin Hausa mai sauƙi, 'yan'uwanmu Lelna su mayar da ita C'lela, a karanta ta a rediyo da tasha da fadar masu unguwa. Mutumin da ya san hakkinsa ba ya roƙonsa.

A ƙarshe ina tunatar da mai karatu cewa lafiya aro ce. Haɗari ɗaya a hanyar Kwantagora ya isa ya mayar da darakta mai neman a tura shi. Wanda zai rubuta doka gobe, ya rubuta ta kamar shi ne zai zauna a kan keken. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen ji, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin faɗa musu gaskiya, amin.